Ranar da Kunnen Matan Unguwarmu Ya Yi Ƙarya

Shekara tara ke nan, kakar bana, da aka ɗauki 'yata ta fari daga tsakar gidan nan aka kai ta makwancinta. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba kuma yanzu zan fara ba da haƙora suka ƙare. Faɗa nake yi, Habsu 'yar maƙwabta tana rubutawa don a sa a jarida, na kuma gargaɗe ta kada ta ƙara mini gishiri. Sunan marigayiya bai taɓa fita daga bakina ba, don 'yar fari ce, mu kuwa haka muka tashi. Yayarsu nake ce mata har ta bar duniya. Amma masu addu'a suna bukatar suna, saboda haka na yi shiru Habsu ta rubuta da kanta: Rakiya. Allah ya ji ƙanta. Daga nan har ƙarshe Yayarsu za ku ji.

Mutanen Matamaye sun san ta da mai duba kunne. Aikin jinya ta fara koya, daga baya ta tafi Yamai ta karanci kunne shi kaɗai, abin da ni a lokacin na ɗauka ragwanci ne: jiki guda, ka zaɓi wuri mafi ƙanƙanta. A Damagaram take aiki, cikin wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso har ba ka jin motsin waje. Sau ɗaya na shiga. Ta kifa mini wasu ƙoƙuna biyu a kunne, ta ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Na ce mata ni ba 'yar lakwal ba ce da zan ɗaga wa 'yar da na haifa hannu. Ta ce to in yi tari. Haka muka yi.

Tun tana ƙarama take da wannan hali. In ana daka sai ta rarrafo ta manna kunnenta a gindin turmi, in kore ta, ta dawo. Da ta yi wayo sai ta fara tambayata abin da ba a tambaya. Me ya sa turmin kirya ke da babbar murya, na marke ba shi da ita? Me ya sa kukan surfe daban yake da na ribɗi? Ban taɓa ba ta amsa ba. Na san turmi, amma ban san dalili ba, kuma a ganina mace mai aiki a gabanta ba ta da lokacin dalili.

Ba tarihinta zan ba ku ba. Waɗanda suka yi aiki da ita sun fi ni sanin wannan. Rana ɗaya zan ba ku labari, don ita ce ranar da na ga amfanin karatunta da idona.

A unguwarmu, a wancan lokaci, ni ke tsayar da mata a turmi in biki ya zo. Dakan biki lugude ne: mata uku a turmi guda, kowace ta sauke taɓarya a bayan 'yar uwarta, ta cilla ta sama, ta yi tafi, ta cafe. Tsofaffi suna zama gefe suna sauraro, ba don nishaɗi kawai ba. Mun gada cewa in muryar turmi ta fito da kauri, gidan amarya zai cika. In kuwa ta sirance a hannun wata, wannan busasshen hannu ne, kuma mai shi ba ta ƙara taɓa hatsin amarya. Ban ƙirƙiro wannan ba, ban kuma taɓa tunanin a bincika shi ba. Ba ƙarfin bugu muke saurara ba. Kowace ƙatuwa tana iya bugu da ƙarfi. Muryar muke ji, ko ta yi ƙasa ko ta yi sama.

Sai ɗan Delu, maƙwabciyata kuma ƙawata tun muna 'yan mata, ya auro wata yarinya daga Kurni, sunanta Tsahara. Yarinya mai kunya, mai aiki, ba ta gajiya. In tana daka ita kaɗai ba wanda ya taɓa jin wani abu. Amma duk ranar da ta shiga lugude, sai a ji biyu sun yi dum, dum, nata ya yi kamar an tsuke masa wuya. Na ji da kunnena, ba wani ya faɗa mini ba. Aka yi biki ɗaya ana kallon juna. A na biyu tsohon turmin Delu ya tsage a hannun Tsahara, turmin da ya girmi mijinta, wanda da ma kowa ya san ya kusa. Shi ke nan magana ta zauna. Mata suka fara ɗauke ƙwaryar hatsinsu in ta shigo. Wata ta hana ta ɗaukar jaririnta.

Bikin autar Delu ya matso, Delu ta zo ta same ni ina tankaɗe.

"Kande, 'yar Kurni ba za ta tsaya a turmin 'yata ba."

"To ta zauna ta tsince tsakuwa."

"Ba za ta zauna ba ma. In an kai amarya, ita ma za a kai ta gidansu. Na gaya wa ɗana, ya yi shiru, shirun nasa kuwa kin san ni yake bi. Yarinyar da take goye ta isa yaye, ta bar mana abarmu."

Na ci gaba da tankaɗena. Delu ba muguwa ba ce, tsoro take ji, kuma mai tsoro ba a yi masa gardama da baki. Sai dai ni ina da wani hali da jikokina suke kuka da shi har yau: ina kallo. Na daɗe ina lura da Tsahara a bakin turmi. In lugude ya ɗau zafi, sauran mata suna rufe ido ma, kunne ke ja musu hannu. Ita kuwa idonta yana kan taɓaryar ta gabanta, kanta a karkace gefe guda kamar kazar da ta ji shirwa. Kuma taɓaryarta tana sauka kafin wurinta. Ba da yawa ba. Ɗan kaɗan, kamar mai tsoron a bar ta a baya.

Yayarsu ta zo hutun ƙarshen mako, na gaya mata, ba don neman shawara ba, don dai magana ta ishe ni a ciki. Ta ajiye raken da take sha.

"Inna, kin tabbata riga lokaci take yi?"

"Kin taɓa jin na ce na ga abu ban gani ba?"

"To ina zaton ba hannunta ne ke sirantar da turmi ba. Kunnuwanku ne."

"Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Na kowa yana yi, Inna, har nawa. Shi ya sa muke auna shi."

Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake ba maras lafiya kunu. Ta ce in bugu yana tafiya daidai, kunne ba ya jira a kawo masa, gaba yake yi ya tsaya inda na gaba zai sauka. Kuma tun muna yara kunne ya saba cewa abin da ya ƙara sauri, muryarsa sama take yi. Moto in ya ƙara gudu kukansa ya sirance. Injin niƙa haka. "Ke ma kin san Inna Delu," in ji ta, "in faɗa ya yi zafi, sauri da tsiwa tare suke hawa." Saboda haka in bugu ɗaya ya riga lokacinsa, kunne yana iya ɗaukarsa siriri, ko da muryarsa ba ta canja ba. Ta ce ta karanta abin da masu binciken ji suka rubuta kan yadda sauri ke ruɗin kunne, amma ba za ta rantse ba sai ta gwada.

Wannan kalma, sai na gwada, ita ce rabin halinta.

Da safe ta sa ni na zuba hatsi na sauke taɓarya sau ɗaya tak, ta kama ƙarar da wani ɗan abu da ta jona a kwamfutar aikinta. Ta zauna a ƙarƙashin rumfa tana ta danne-danne har rana ta take. Bayan la'asar na aika aka kira matan unguwa, na ce a zo a tsara aikin biki. Suka cika tsakar gida. Tsahara ta raɓe a bakin zaure da goyonta, ba wadda ta matsa mata tabarma.

Yayarsu ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce tana son iyayenta su taimaka mata da kunne. Za ta kunna musu daka, in sun ji murya ta sirance su faɗa. Ta kunna. Dum, dum, dum, dum, sai na ƙarshe.

"Ga shi nan," in ji Delu, kafin ƙarar ta gama mutuwa. "Hannun 'yar Kurni."

Mata suka gyaɗa kai. Ni ma, da na san abin da ke ciki, siriri na ji shi. Aka sake kunna wani, a ciki na ƙarshen ya ɗan makara. Wata tsohuwa ta ce wannan kam hannun albarka ne, irin na Kande. Aka maimaita, a juye, a cakuɗe. Biyu ko uku suka ce su ba su ji bambanci ba, Yayarsu ta gode musu kamar yadda ta gode wa sauran. Amma mafi yawa inda aka riga, nan suke nuna yatsa.

Sannan ta ce, "Iyayena, Tsahara ba ta taɓa turmin nan ba. Bugu ɗaya ne, na Inna, na maimaita shi. Ban taɓa muryarsa ba. Wuri kawai na matsar masa."

Na ɗauka an gama. Ban san Delu ba ke nan, ko kuwa na manta.

"Akwatin nasara ne," ta ce, tana gyara kallabi. "Abin da aka ce ya faɗa shi yake faɗa. Yarinya, mun gode da wasa. Mu turmi muka sani."

Na ga fuskar Yayarsu ta faɗi. Na ga mata sun fara neman takalmansu. Na dubi bakin zaure, na ga Tsahara ta kwanto goyonta ta rungume a gaba, kamar an riga an zo karɓa. Sai na miƙe.

Na ce tun da turmi suka sani, turmi za su ji. Na sa aka kafa zana a kusurwar gida, aka mirgina turmina na kirya bayanta. Na kira mata biyu da na yarda da bakinsu, na kira Tsahara, muka shiga. Na ce wa na waje kowa ta rufe baki ta buɗe kunne. Da muka ɓuya, na karɓi taɓarya daga hannun yarinyar, na nuna mata ƙasa da haɓa. Ta zauna tana shayar da 'yarta, tana kallona ba ta gane ba.

Muka ɗauki lugude. Tun ina budurwa ban taɓa sauka a wurin da ba nawa ba, kuma ranar nan na gane hannu ma yana da taurin kai. Na ce ya riga, ya ƙi. Sai da na rufe kunnena daga biyun nan, na kafa ido a kan taɓaryar ta gabana, na karkata kai yadda na ga yarinyar tana yi, sannan ya yarda. A nan ne na san wahalar da take sha. Daka da ido kamar tafiya ce a kan kunya da tulu a ka.

Ba mu yi nisa ba na ji muryar Delu ta keto zana.

"Kun ji ko? To wannan ma akwati ne? Ko a cikin barci na san hannun nan."

Na sa ƙafa na ture zana ta faɗi. Ban tsaya ba, na ci gaba da bugu a gabansu, zufa tana bin wuyana, Tsahara zaune a ƙasa da nono a bakin 'yarta. Sai da na ga kowace ta gani na kafa taɓarya.

"To, Delu. Busasshen hannu ga shi. Ni na daka hatsin aurenki, ni na daka na 'ya'yanki uku. In kora za a yi, a fara da ni, sai ki faɗa mini gidan da za a kai ni."

Wata ta fashe da dariya, ta kama bakinta. Daga nan dariya ta ɓarke, har tsohuwar da ta yabi hannuna ɗazu tana share hawaye. Delu ta dube ni.

"Da tsufanki, Kande, kin koma wasan yara."

"Da tsufanki kin so raba uwa da 'ya a kan kukan icce."

Delu ta tashi, ta tsallaka zanar da ta faɗi, ta miƙa hannu ta karɓi jikarta, ta ce wa Tsahara, "Tashi ki sha ruwa, kin zauna kamar baƙuwa." A bakin Delu wannan ban haƙuri ne, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ƙarami ba ne.

Da mutane suka watse na jira in ji Yayarsu ta ce na yi ƙoƙari. Sai ta ce, "Inna, naki ya fi nawa shiga kunne, amma da a wurin aiki ne ba za a karɓa ba. Wa ya auna ko kin canja ƙarfin hannu?" Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Haka take. Ko gaskiya tana gefenta, sai ta duba ko ta shigo ta ƙofar da ta dace. Ban yabe ta ba, uwa ba ta yabon 'yar fari a fuska. Fura na dama mata da hannuna, na zuba a ƙoƙon da ba na ba kowa. Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni, ta shanye.

Kashegari ta leƙa kunnen Tsahara da 'yar fitilarta. Na hagu ya daɗe da lalacewa, tun wani ciwo na ƙuruciya da ya yi ta zubar da mugunya ba a kai ta likita ba. Yarinyar ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don kada a ce an auro kurma. Maganin lugude bai kai a kira shi magani ba: a tsayar da ita ta yadda kunnen dama zai fuskanci mai ja, ta daina kallo. Ranar bikin autar Delu ni na ja, Tsahara ta bi ni. Da farko idonta yana kan taɓaryata. Can sai na ga ta lumshe ido. Guɗar da aka yi a ranar, Delu ce ta fara ta.

Yanzu ina zaune ina tunanin me Yayarsu za ta ce da ta ga Matamayen yau. Injin niƙa ya cinye daka. Da asuba a dā garin nan gaba ɗaya bugawa yake kamar ƙirji, daga wannan gida zuwa wancan, yanzu sai tarin kwanoni a bakin inji da yaran da ke tsaye kusa da shi har kunnensu ya toshe. Samari suna yawo da igiya a kunne, ka yi musu sallama su wuce ka kamar dutse. Na san da ta yi faɗa a kan wannan, faɗanta mai sanyi da ya fi nawa ciwo. Amma ba za ta yi kukan turmi ba. Ta sha gaya mini kafaɗun mata sun cancanci hutu, kuma da na duba nawa kafaɗun a yanzu, ban da bakin musu.

Abin da zai sa ta yi murmushi na san shi. Jaririyar nan da aka so karɓewa daga bayan uwarta, ita ce Habsu, wadda ke riƙe da biro a gabana. A ɗakin uwarta ta girma, da ƙannenta huɗu a bayanta, yanzu kuma tana Yamai tana karatun kunne. Da ta zo hutun nan ta ce mini masu binciken ji suna yin irin gwajin nan a ɗakunansu na soso: a jera wa mutum ƙara a tsare, a sa ta ƙarshe ta ɗan riga ko ta ɗan makara, a tambaye shi ta hau ko ta sauka. Ta ce mutane sun fi karkata su ce wadda ta riga ta hau. Ta ce karkatar ba ta da yawa, kuma har yanzu ana tattauna dalili. Na ce na sani ba ta da yawa. Amma na ga wannan 'yar karkata ta kusa kashe aure.

Ciwon da ya ɗauke Yayarsu bai ba mu lokaci ba, ba kuma zan buɗe wannan a jarida ba. Ba ta bar gida ba, ba ta bar mota ba. In na auna abin da ta bari, ga shi. A unguwarmu yau, in aka yi lugude aka ji bugun wata ya sirance, ba mai cewa hannunki. Cewa ake, kin riga, dawo baya. In yaro yana karkata kai in ana magana, uwarsa ba ta dukansa ta ce taurin kai ne, likita take kai shi. Matan da ke yin haka, rabinsu ba su san daga ina ya fito ba, ba su kuma san sunanta ba. Wannan bai dame ni ba. Ni ma ban faɗe shi ba.

Kowace shekara, ranar da ta cika, gumba muke yi mata ta sadaka, kuma wannan hatsin na hana a kai shi inji. Yau da hantsi, kafin mu zauna rubutun nan, Tsahara ta shigo da taɓaryarta a kafaɗa, ba wanda ya aika mata, kamar yadda take yi tun shekarar farko. Ita ke tsayar da mata a turmi yanzu, ni na sauka. Delu ta riga mu gidan gaskiya, amma autarta ta zo, wadda aka ce gidanta ba zai cika ba, da 'ya'ya har ba wurin zama. Su biyu suka tsaya, Habsu ta zama ta uku. Aka mirgino tsohon turmina na kirya. Tsahara ta juya kunnenta na dama, ta lumshe ido, ta ja.

Kunnena ya fara nauyi, Habsu ta ce gobe sai ta gwada shi, na ce zan yi mata tari. Amma na matso da kujerata kusa, na saurara yadda na saba, ina neman wadda za ta kauce in tsawata mata. Ban ji hannun kowa ba. Turmi ɗaya na ji, muryarsa cike, tana fita ta kan katanga.